Sifirin ɗin gaba na Marsandi bayan an canja inji: sai da na saya sau biyu kafin na dace

Motar Babanmu ce, Allah ya jiƙansa, Mercedes 300D ƙirar 1982, irin wadda kamfanin ke kira W123, mu kam nan Marsandi kawai muke ce mata. Tun rasuwarsa take ajiye a gidanmu na Tudun Wadan Zariya an lulluɓe ta da tamfol, kaji na kwana a ƙarƙashinta, sai bara nace bari dai in tashe ta. Injin gas ne a ciki mai silinda biyar, OM617, wanda duk wanda ya san shi ya san ba ya mutuwa da wuri, amma namu ya sha wahala ga kuma zama, hayaƙi kamar an cinna wa bola wuta, lokacin sanyi kuwa sai yaran unguwa sun tura, ga kuɗin gas yanzu ba na wasa ba. Da aka yi min lissafin gyaransa sai kawai nace a sauke shi a ɗora na fetur mai silinda huɗu, M102 na Marsandi 200 mai kafireto, shima ɗan gidan ne. Na san akwai masu cewa na yi ɓarna, Kawuna ma har yau in ya ga motar sai ya girgiza kai, amma wannan zancen wata rana ne. Abinda ya kawo ni yau sifirin ɗin gaba ne, don na lura in ana maganar canjin inji kowa hankalinsa na kan giyabos da wayoyi da lagireto, babu mai tuna cewa akwai wasu ƙarafa guda biyu a ƙasa da aka zaɓe su saboda nauyin injin da aka sauke.

Ranar da na kawo ta gida bayan an gama aiki, Hajiyarmu na zaune a ƙofar ɗaki ta leƙo tace, "Kai, me ya sami motar Malam take kallon sama haka?" Wallahi ni ban ma lura ba saboda murnar jin injin yana tashi bugu ɗaya. Na ja da baya na duba, lallai ta ɗaga hanci kamar raƙumi ya hango ruwa. Da can yatsu uku nake sawa tsakanin taya da bakin fenda, yanzu tafin hannuna gaba ɗaya yana shiga har da saura.

Dalilin ba ɓoyayye bane. Injin gas ɗin nan da gangar jikinsa da kansa duk baƙin ƙarfe ne, shi kuwa M102 kansa alminiyon ne, ga silinda ɗaya ta ragu, ga batir ɗin da muka sa bai kai na da girma ba, sannan mun cire tsohon kwamfiresan esi da ya mutu tun Baba na da rai. Duk wannan nauyin a kan tayoyin gaba yake zaune. An sauke wa jaki kaya, dole ya miƙe.

In da tsayin ne kawai da na haƙura, amma tuƙin ne ya canja. Daga Kwangila zuwa Samaru in na ɗan taka sai in ji sitiyari ya yi sakayau a hannuna, tirela in ta wuce ni motar sai ta yi ta lilo kamar tana neman hanya, ita da aka san ta da kwanciya a titi. Da daddare duk wanda muka haɗu dashi sai ya watso min fitila, yana zaton babbar fitila na kunna masa, alhali hancin ne ya ɗaga hasken yake tafiya idon mutane. In taya ta faɗa rami kuma sai in ji ƙwas daga gaba, ashe shokazoba ce take kaiwa ƙarshen miƙewarta, don a wannan motar ita ce ke tare ƙafar kada ta wuce iyaka in ta sauka. Kafin wata biyu gefen waje na tayoyin gaba ya fara cinyewa.

Yaron da ya ɗora min injin, kuma a gaskiya aikin injin ya yi shi da kyau ba zan ci haƙƙinsa ba, da na koma masa sai yace, "Oga ai wannan ƙaramin abu ne, mu yanke zagaye ɗaya a kowane ɓangare, ko a kira mai walda ya ɗan gasa shi ya zauna." Saura kaɗan in yarda don arha ne kuma a yini ɗaya za a gama. Allah ya taimake ni da yamma na haɗu da wani abokina da ya karanta injiniyanci a Samaru, muna shan shayi na ba shi labari, ya ɗauki biro ya zana min a bayan takardar burodi. Yace sifirin ba komai bane illa doguwar sandar ƙarfe da aka nannaɗe, in ka danna shi murɗa sandar kake yi, to doguwar sanda ta fi gajera sauƙin murɗawa, saboda haka duk zagayen da ka yanke taurin sifirin ƙaruwa yake. Mai zagaye 10 masu aiki in ka mayar dashi 9 ka ƙara masa tauri kusan kashi 11 cikin ɗari. Ni kuma matsalata sifirin ɗin ya riga ya fi ƙarfin nauyin da ke kansa, in na yanke motar za ta sauko a ido amma tsalle zai ƙaru. Gasawa da wuta kuwa yace kada in ma sake in yi tunaninta, wuta tana kashe horon da aka yi wa ƙarfen a masana'anta, wurin da aka gasa zai yi laushi ya ci gaba da zama, wata rana kuma ya karye ba sallama.

Wani abu da ya faɗa min wanda ya zauna min a kai shine maganar kaurin ƙarfen. Yace taurin yana tafiya ne da kaurin sandar an ninka shi a kansa sau huɗu, wato in sandar wani sifirin ta fi ta wani kauri da kashi 10 cikin ɗari kacal, taurinsa ya fi da kusan kashi 46. Bambancin da idonka ba zai ma gani ba a shago, amma bayanka zai ji shi a hanyar Giwa. Da na riƙe wannan maganar da kyau da ban yi asarar da zan faɗa yanzu ba.

Na je wani shagon sifiya, ba zan faɗi suna ko layi ba, na ce ina neman sifirin ɗin gaba na Marsandi 200. Mai shagon ya sauko da kwali mai ƙyalli, sababbi dal, baƙin fenti yana sheƙi, yace, "Alhaji wannan hebi duti ne, daga 200 har 300 duk yana shiga, shekara goma ba za ka dawo ba." Kalmar hebi duti ɗin nan ita ce ke rusa mu wallahi, da mun ji ta sai mu ga kamar an ce mai inganci, alhali abinda take nufi kawai mai ɗaukar kaya ne, ni kuma kaya na sauke. Na biya, aka ɗaura. Motar ta ƙara tashi sama a kan na da. Tafiya kuma ta koma kamar ta amalanke, duk wani ɗan tudun rage gudu da ke cikin gari sai na ji shi a ƙuguna, uwargida ta hau sau ɗaya zuwa Kongo tace ita dai gara Keke Napep. Bayan sati uku ɓangaren direba ya zauna ya bar ɗayan a sama, motar ta karkace kamar hular ɗan gayu, fentin kuma ya fara ɓarewa tsatsa ta fito. Na duba jikinsu kaf babu lamba babu alamar komai. Da na mayar mai shagon yace kayan da aka riga aka ɗaura ba ya dawowa, kuma ban ja dashi ba don ni na kai kaina. Hukuncina a kan waɗannan na kwalin: in kyauta aka ba ka, ka ba mai gwangwan ya auna.

Ba wai duk sabon sifirin ne banza ba fa, akwai kamfanonin kirki da har yanzu suke yi wa wannan motar, amma su za ka ga kowane inji da lambarsa. Duk wanda yace maka guda ɗaya yana shiga duka, to a ramin yake nufin yana shiga, ba wai ya dace ba.

A nan ne Kawu, duk da fushin da yake yi dani, ya tura ni wurin wani dattijon makanike a Sabon Gari wanda shi ke duba motar tun zamanin Baba. Ina shiga da ita garejin ya taso yana dafa bonet, yace, "Ɗan Malam, kai ne ka cire mata zuciya?" Nace Baba a yi haƙuri. Ya zagaya ta sau biyu, ya danna gaban da hannu ya saki, bai ce komai ba sai da ya aiki yaro ya ɗauko masa wata tsohuwar roba mai kamar faifai daga cikin akwati. Ya nuna min wasu ƴan ƙuraje a gefenta yace in ƙirga. Ita wannan robar a saman sifirin take zama, kuma kala huɗu ce a gaba: mai ƙurji ɗaya kaurinta milimita 8, mai biyu 13, mai uku 18, mai huɗu 23. Yace Bajamushe bai yi wa motar nan sifirin ɗaya ba, kala-kala ya yi, kuma a littafinsu maki ake ba kowane kayan da ke jikin mota, irin injin, da esi, da giya otomatik, da rufin da ke buɗewa, sai a tara makin a ga wane sifirin da wace roba za a sa. Wato abinda ni da mai shago muka yanke a tsaye cikin minti biyar, su da lissafi suke yinsa tun 1976 da aka fara fitar da motar.

Shawararsa ita ce a nemo na asali ƴan Beljiyam da aka ciro daga 200 ko 230E mai injin irin nawa, marar esi in da hali, ba daga 240D ko 300D ko 280E ba. A Zariya mun samu guda biyu amma da ya jera su a ƙasa ɗaya ya fi ɗaya tsawo kuma alamar fentinsu ba ɗaya ba, yace waɗannan ba tagwaye bane, haɗa su aka yi. Sai na shiga mota na tafi Kano, Ƙofar Ruwa, da takardar da ya sa yaronsa ya rubuta min. Abinda ke ciki kaɗan ne: a goge zagayen ƙarshe a ga lambar da aka buga a jikin ƙarfen, ta gaba da 123 321 take farawa, kuma dukansu biyun lambar ta zama ɗaya, alamar fentin nan ja ko shuɗi ita ma ta zama iri ɗaya, a tsayar dasu a kan siminti a ɗora katako a ga sun yi kai ɗaya, a duba zagayen ƙasa sosai don nan ruwa da laka ke kwanciya tsatsa ta ci ƙarfe, in akwai rami-rami a bar shi, in akwai wurin da ya yi launin wuta ko bakin ya nuna alamar yanka a bar shi. Na ƙara da nawa, na ari ɗan ma'aunin nan mai baki biyu da ake auna kaurin ƙarfe dashi wurin abokina, na tafi da tsohon na gas guda ɗaya a but don in gwada.

Shago na huɗu na samu, a jikin rabin mota da aka yanko har da ƙafafunta, 230E ce, don haka na tabbata tare suka zo duniya. A ido kusan ɗaya suke da na gas ɗin, sai da na sa ma'auni na kuma jera su sannan bambancin ya fito. Kuɗinsu bai kai na kwalin can ba, ko da na haɗa da kuɗin motar zuwa Kano da dawowa da abincin rana. Na roƙi mai shagon ya haɗa min da robobin samansu, ya bani, ya kuma tono min wasu masu ƙurji ɗaya da masu uku kyauta don shi a wurinsa shara ce.

Ɗaurawar ita ce inda nake so duk mai irin motar nan ya buɗe kunne. Yawancin makanikanmu a kan Peugeot suka koyi aiki, ba mamaki tunda a Kaduna ake haɗa ta tun 1975, kuma a 504 sifirin a jikin shokazoba yake, a ciro su tare a matse a ƙasa. A Marsandi ba haka bane, sifirin daban shokazoba daban, dogo ne sosai kuma an matse shi da ƙarfin gaske tsakanin jikin mota da hannun ƙasa. Ƙugiyoyin nan biyu da ake maƙalawa ta waje ba nasa bane, suna iya zamewa, in kuwa ya kuɓuce yana iya kashe mutum, ba zuzutawa nake ba. Lokacin da aka sa min na kwalin da jak da sarƙa da addu'a aka yi, ina tsaye ina kallo ban san a bakin me muke ba. Shi dattijon nan yana da abin matsewar na ainihi, faranti biyu da ake zurawa tsakanin zagayen da sanda mai zare da ke bi ta tsakiya, ya tsufa har ya yi sheƙi amma yana aiki, kuma da zai fara sai da ya kori yara duka daga gaban motar har dani.

Da farko mun sa robar da ta zo dasu mai ƙurji biyu. Ya sauke motar, yace in je in zagaya har Ɗan Magaji in dawo kafin a auna, don in an sauke daga jak ƙafafun ba sa komawa mazauninsu sai an yi tafiya. Awon kuma daga tsakiyar wil zuwa bakin fenda yake yi, ba daga ƙasa ba, saboda iskar taya kada ta shiga lissafi, kuma yace kullum a auna da mai daidai gwargwado a tanki, tunda tankin lita 65 ne kuma a bayan kujerar baya yake, cikarsa da rashinsa na taɓa yadda gaba ke tsayawa. Kuskurena tun farko shine ban auna motar ba kafin a sauke injin gas, saboda haka ba mu da abin kwatance, sai da muka roƙi wani Alhaji mai 230E da ba a taɓa taɓa mata ƙafa ba muka auna tasa. Tawa ta fi tasa da kamar santimita ɗaya, ba mamaki tunda ni babu esi ga ƙaramin batir. Sai aka sake matsewa aka koma mai ƙurji ɗaya. Na ce masa Baba milimita 5 ce fa kawai tsakaninsu, yace ai sifirin ba a bakin taya yake zaune ba, a wajen tsakiyar hannun yake, abinda ka rage a can sai ya kusa ninkawa kafin ya iso taya. Haka kuwa aka yi, ta zauna daidai da ta Alhajin.

Wani ƙaramin abu da ya yi wanda yaron farko bai yi ba: kusoshin bushin na hannun ƙasa bai ɗaure su tamau ba sai da motar ta tsaya a kan tayoyinta da nauyinta, yace in ka ɗaure tana rataye a jak to robar a murɗe za ta zauna, wata shida ta yage. Nawa ma ɗaya ya riga ya tsage saboda hakan, muka canja duka biyun. Daga nan ya tura ni alaimen, ya ce in gaya musu ba tayirod kawai za su taɓa ba, akwai kusa mai kan gefe a hannun ƙasa da ke gyara kwanciyar taya, akwai kuma sandar da ke tafiya baya wadda ke sa sitiyari ya dawo da kansa bayan kwana. Wurin farko da na je suka ce su ba su san wannan ba, na biyu suka yi. Fitilu ma sai da aka sake saita su a jikin bango.

Yau wata biyar kenan. Na je Kaduna da ita ya fi sau goma, na je Funtuwa ɗaurin aure mu biyar a ciki, sitiyarin ya dawo da nauyinsa, ƙwas ɗin nan ya ɓace, tayoyin da na sa sababbi suna ci daidai, ba wanda ke watso min fitila. Laushin nan na Marsandi da in ta hau gargada sai ka ji kamar kana kan katifa ya dawo, ban ce ɗari bisa ɗari kamar yadda nake tunawa muna yara a kujerar baya ba, amma ya kusa. Na sake aunawa bayan wata uku, ɓangarorin biyu ba su bambanta da abinda ya wuce kaurin ashana biyu ba.

Aibin sifirin ɗin ƴan Beljiyam kuwa akwai. Ƙarfe ne da ya kai shekara 40 ko kusa, tunda a farkon 1986 aka daina ƙera motar, ba wanda zai ba ka garanti a kansa, kuma ban san irin hanyoyin da ya bi ba kafin ya zo hannuna. Na sa an wanke su an shafa musu fenti kafin a ɗaura, duk da haka in an je canjin baƙin mai sai na sa an leƙa zagayen ƙasan. Sannan in na taka birki da ƙarfi hancin yana ɗan duƙawa fiye da lokacin da na gas ke ciki, dattijon yace wannan rabin laifin na shokazoba ne da suka gaji, in samu Bilstein ko Sachs in kuɗi sun zo. Aikinsa shima ba arha bane, ya caje ni kusan ninki biyu na abinda yaran gareji ke karɓa, ba ya sauri, kuma ranar Juma'a kada ma ka je. In sifirin ɗin ƴan Beljiyam zan ba maki cikin goma, takwas ne, aikin dattijon tara, ɗayan na cire ne saboda kwana uku motar ta yi a wurinsa a kan aikin da yace na yini ɗaya ne.

Tsofaffin na gas ɗin suna nan a sito tare da injin, Kawu yace kada in kuskura in sayar ko ɗaya, wai wata rana hankalina zai dawo. Yanzu da gaban ya sauko sai ya tona asirin baya, ashe ita ma ta ɗan zauna ta ɓangaren hagu, na riga na yi wa mai shagon Ƙofar Ruwa waya ya ajiye min na bayan rabin motar nan in bai sayar ba.